Tallafin Karatun Ƙwaƙwalwa A Ƙasashen Waje: Gasar Da Ba A Tambayar Garin Kaka

A wannan fitowa muna so mu ja hankalin iyaye, shugabannin unguwanni da matasanmu masu digiri a kan wata hanya da muka daɗe muna wucewa ta gefenta ba mu leƙa ba, wato neman tallafin karatun gaba da digiri na farko a ƙasashen waje, musamman a fannin kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, irin wannan tallafi da ake ci ta hanyar gasa yana cikin 'yan wuraren da ɗan Sabo ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa da kowa ba tare da an tambaye shi garin kakansa ba. Saboda haka bai kamata mu ci gaba da barin abin ga sa'a ba, ya kamata mu mai da shi aikin al'umma.

Inda takarda ke tare hanya

Kowa a cikinmu ya san labarin takardar indijin. An kafa unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916, kuma akwai gidajen da yanzu tattaɓa-kunne ne ke zaune a cikinsu. Haka abin yake a Agege, Shagamu, Abekuta da sauran zangunan Hausawa na Kudu. An haifi yaro a nan, ya yi firamare da sakandare a nan, yana jin Yarbanci kamar yadda yake jin Hausa, ubansa yana biyan haraji a nan. Amma ranar da jiha ta fitar da sanarwar tallafin karatu, sharaɗin farko shi ne shaidar cewa shi ɗan asalin ɗaya daga cikin ƙananan hukumominta ne. Idan ya juya Arewa, sai a ce ya kawo shaidar mai unguwa ko dagacin garin da wataƙila bai taɓa kwana a cikinsa ba. Gwamnatin Kano, alal misali, ta tura ɗaruruwan ɗalibai ƙasashen waje tsakanin 2011 da 2015, ta kuma farfaɗo da shirin a 2023. Abin yabo ne, amma na 'yan asalin jihar ne, kuma wanda ke kusa da wurin rabo shi ke fara jin labari. Ɗan Sabo sai ya tashi biyu babu, ba tsuntsu ba tarko.

Tsarin mulkin 1999 bai yarda da wannan ba a rubuce. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama duk inda ya so a Nijeriya, sashe na 42 kuma ya haramta nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa, asalinsa, jinsinsa ko addininsa. Amma shi wannan kundin, a sashe na 147, ya ce dole a naɗa minista daga kowace jiha wanda ɗan asalinta ne, kalmar kuma ta samu gindin zama har ta shiga neman aiki, gurbin makaranta da tallafin karatu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan tun 2006. A 2025 an gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai na bai wa wanda ya shekara goma a jiha matsayin ɗan asali, amma aka janye shi bayan suka daga sassa daban-daban. Kuma mu faɗi gaskiya, laifi tudu ne: abin da ake yi wa ɗan Bahaushe a Kudu, shi ake yi wa ɗan Ibo ko Bayarabe da aka haifa a Sabon Garin Kano.

Ban da wannan, ƙofofin gwamnatin tarayya ma suna ta rufewa. Hukumar TETFund ta dakatar da ɗaukar nauyin malaman manyan makarantu zuwa karatu waje daga farkon 2025, kuma a shekarar ce ma'aikatar ilimi ta sanar da daina shirin nan na musayar tallafi da ƙasashe irin su Maroko, Rasha da Hungari. Wanda ke jiran gwamnati ta tura ɗansa, jiransa zai yi tsawo.

Ƙofofin da ake shiga da cancanta

Akwai wasu ƙofofin da ba ruwansu da ƙaramar hukuma. Abin da suke so su sani shi ne kai ɗan Nijeriya ne, me ka karanta, da wane sakamako ka fita, kuma me za ka yi da ilimin.

A Ingila akwai tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983. Yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara ɗaya, yana bukatar mai nema ya yi aiki na shekara biyu, kuma ya yi alkawarin komawa ƙasarsa na aƙalla shekara biyu bayan ya gama. Akwai tallafin Commonwealth, wanda wani reshensa ake bi ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya da ke Abuja, wani reshen kuma, na haɗin gwiwa da jami'o'i, ana nema ne ta hannun jami'ar da mutum ke son zuwa. Akwai Gates Cambridge, wanda aka kafa a 2000 da kyautar dala miliyan 210, yana ɗaukar kimanin mutum 80 a shekara daga ko'ina a duniya ban da Birtaniya. Akwai kuma Rhodes na Jami'ar Oxford, wanda ke da 'yan kujeru na Afirka ta Yamma.

A sauran Turai akwai shirin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, inda ɗalibi ke yin digiri na biyu a jami'o'i biyu ko fiye na ƙasashe daban-daban, a biya masa kuɗin makaranta, a kuma ba shi yuro 1,400 kowane wata. A ƙarƙashinsa aka kafa shirin Neurasmus na kimiyyar ƙwaƙwalwa, wanda Jami'ar Bordo ta Faransa ke jagoranta. A Jamus akwai hukumar DAAD, akwai kuma makarantar binciken ƙwaƙwalwa ta Max Planck da ke garin Gottingen, wadda ke koyarwa da Turanci.

Ba mu ce shiga waɗannan wurare sauƙi ne da shi ba. Dubban mutane ke nema, ƙalilan ake ɗauka, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka samu sai da suka nema sau biyu ko uku. Amma faɗuwa a gasa daban take da hana mutum shiga fili. Wanda ya faɗi bana zai iya gyara takardunsa ya dawo baɗi. Wanda aka ce masa ba ɗan gari ba ne, ko shekara ɗari ya yi babu abin da zai gyara.

Me ya sa muka zaɓi ƙwaƙwalwa?

Wani zai ce, ga likitanci, ga lauya, ga injiniya, me ya kai mu ga ƙwaƙwalwa? Muna da dalilai uku.

Na farko, bukata. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, tana kuma cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Idan ta taɓu, gida gaba ɗaya ya taɓu. Wani babban bincike da aka wallafa a 2024, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hannu a ciki, ya nuna mutum fiye da biliyan 3 ne ke da wata cuta ta ƙwaƙwalwa ko jijiya a 2021. Hukumar ta ce masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe marasa ƙarfi irin namu, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun samu magani yadda ya kamata. A unguwanninmu kuwa har yau akwai gidan da ake ɓoye mai farfaɗiya, a hana shi makaranta, a hana ta aure, ana tsoron yawunsa alhali cutar ba a ɗaukarta. Ku tuna sanƙarau na 1996 da ya kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan, ya bar wasu da kurumta. Ku tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010 da ta kashe yara fiye da 400, ta raunata ƙwaƙwalwar wasu da dama. Ku dubi dattawanmu na kasuwar shanu da ta goro da shanyewar ɓarin jiki ke kwantarwa, da 'yan acaɓarmu da ke buguwa a ka, da matasan da maganin tari mai kodin ya lalata har gwamnati ta hana shi a 2018. Duk waɗannan aikin masanin ƙwaƙwalwa ne.

Na biyu, fannin ba na likitoci kaɗai ba ne. Yaranmu da yawa sun nemi likitanci a jami'a aka ba su anatomi, fiziyoloji, bayokemistiri ko ilimin halayyar ɗan Adam, suka gama, suka yi bautar ƙasa, suka dawo suna tsaron shago suna ganin an cuce su. Waɗannan darussa su ne ainihin matakalar kimiyyar ƙwaƙwalwa. Wanda ya karanta haɗa magunguna, likitancin dabbobi, lissafi ko kwamfuta shi ma yana da wuri a ciki.

Na uku, muna zaune a bakin rijiya. Asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, 'yar tafiya ce daga Sabo. A nan Farfesa Latunde Odeku, bayan ya yi karatu a Amurka, ya dawo a 1962 ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa. A nan Farfesa Benjamin Osuntokun ya yi binciken da ya danganta wata cutar jijiya mai sa tangaɗi da raunin gani da gubar da ke cikin rogon da ba a sarrafa shi da kyau ba. A nan aka fara, a 1992, binciken da ya kwatanta tsofaffin Yarbawa na Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanapolis a Amurka, aka gano cewa yawan masu kamuwa da cutar mantuwa ta Alzheimer a Ibadan bai kai rabin na can ba. A nan kuma Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranci binciken SIREN a kan shanyewar ɓarin jiki a Nijeriya da Gana, wanda ya haɗa da asibitocin Kano da Zariya, ya kuma nuna hawan jini ne babban musabbabi. A Abekuta ma, a Aro, Farfesa Adeoye Lambo ya fito da tsarin kula da masu taɓin hankali a cikin ƙauye tare da danginsu tun a shekarun 1950. Masana daga Turai da Amurka suna hawa jirgi su zo waɗannan wurare, mu kuwa muna wucewa ta ƙofarsu kullum.

A nan ne ma zamanmu a Kudu ya zama jari. Gwajin tunani da ake yi wa tsoho ko mai shanyewar jiki da magana ake yin sa. Tsohuwar da ba ta jin Turanci tana bukatar wanda zai gwada ta da harshenta, ya kuma gane abin da take nufi idan ta ce kanta yana yawo. Yaron da ke jin Hausa, Yarbanci da Turanci zai iya aikin bincike daga Legas har Sakkwato, har ya tsallaka Nijar da zangunan Gana. Abin da ake goranta masa a ofishin ƙaramar hukuma, shi ne abin da zai sa kwamitin tallafi ya sake duba takardarsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Cin irin wannan gasa yana farawa ne tun yaro yana aji biyu a jami'a. Yawancin masu ba da tallafi suna neman digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, don haka wanda ya yi wasa da shekarun farko ya rage wa kansa ƙofofi. Bayan sakamako, suna duba ko mutum ya taɓa aikin bincike da hannunsa. Kundin kammala digiri da ɗalibi ya yi da kansa, ya san abin da ya auna da yadda ya auna shi, ya fi wanda aka saya a bakin makaranta daraja ko da na sayen ya fi kauri, domin a ganawa za a tambaye shi, kuma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Akwai wuraren samun horo tun kafin a fita. Ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, IBRO, tana shirya gajerun kwasa-kwasai a Afirka. Ƙungiyar masanan ƙwaƙwalwa ta Afirka, SONA, da takwararta ta Nijeriya suna taruka inda ɗalibi zai gabatar da aikinsa, ya sadu da malamai. Ƙungiyar TReND tana koyar da bincike da ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace da kayan aiki masu araha. A Damaturu kuma, Dakta Mahmoud Bukar Maina, wanda ya yi digirinsa na farko a Maiduguri, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex a kan cutar Alzheimer, ya kafa cibiyar bincike da horo ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe a 2021.

Sai wasiƙun shaida daga malaman da suka san ɗalibi da aikinsa. Wasiƙar malamin da ya duba kundinka ta fi ta babban mutumin da bai san sunanka ba. Sai kuma bayanin da mai nema ke rubutawa a kan kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika shi da kuka da roƙo. Masu tantancewa suna so su ga tambaya ɗaya takamaimai da mutum ke son amsawa, dalilin da ya sa ya zaɓi wannan jami'a da wannan malami, da abin da zai yi idan ya dawo. Yawancin waɗannan gasa ana buɗe su ne tsakanin Agusta da Janairu don karatun shekara mai zuwa, kuma ana cike su ne a intanet. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo wa yaro Chevening ko Erasmus, ɗan damfara ne.

Akwai kuma inda takardar indijin ke sake bullowa, wato wurin neman fasfo, domin tana cikin takardun da ake nema. Tun Satumban 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 naira 100,000 ne. Ga kuɗin jarrabawar Turanci ta IELTS da jami'o'i da dama ke bukata, ga na fitar da cikakken sakamako daga jami'a. Tallafin da zai biya wa yaro miliyoyi yakan kuɓuce saboda rashin waɗannan kuɗaɗen share fage.

Masu cewa ba za su dawo ba

Mun ji dattawa suna cewa, mu tara kuɗi mu tura yaro, ya je ya zauna can. Damuwar tana da tushe, domin ana ganin haka a kullum. Amma Chevening da Commonwealth sun sa komawa gida a cikin sharuɗɗansu. Kuma Odeku da Lambo sun je sun dawo, abin da suka kafa yana nan har yau. Wanda ya ci gaba da aiki a waje ma zai iya kawo kayan aiki da horo gida, kamar yadda cibiyar Damaturu ta nuna. Abin da ke sa mutum ya waiwayi gida shi ne ya san gida ya tsaya masa lokacin da ba shi da komai.

Wasu kuma suna ɗari-ɗari da tura 'ya mace. Muna roƙon iyaye su zauna su bincika kafin su ce a'a. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyali, amma ta bar masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, don haka akwai hanyar da matar aure za ta bi. Matanmu masu ciwon kai, farfaɗiya ko ruɗewar bayan haihuwa sun fi sakin jiki da mace 'yar uwarsu.

Akwai kuma masu ganin cewa wannan kira tamkar sallama haƙƙinmu ne a gida. Ba haka ba ne. Yaro ɗaya ko biyu ne za su ci gasar waje, sauran ɗaruruwan suna nan suna bukatar gurbin makaranta da tallafin jihar da suke biya wa haraji. Za mu ci gaba da neman a maye gurbin asali da zama, a nan Kudu da can Arewa baki ɗaya. Sai dai yaron da ke da shekara ashirin da biyar yau ba zai iya jiran gyaran tsarin mulki ba.

Abin da muke kira a yi

Na ɗaya, kowace unguwa ta rubuta sunayen 'ya'yanta maza da mata da ke jami'a ko suka gama a fannonin kimiyya, da matakin sakamakonsu, a ajiye a ofishin ƙungiya ko fadar Sarkin Hausawa. Na biyu, a buɗe asusu na musamman don fasfo, jarrabawar Turanci da takardun jami'a, 'yan kasuwar shanu, goro, gwari da canji su sa hannu, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a, kuma a ba da shi bisa sakamako ba bisa gidan da yaro ya fito ba. Idan muka yi son kai a cikinsa, mun zama irin waɗanda muke kuka da su. Na uku, malamanmu da ma'aikatan lafiya su kafa ƙaramin kwamiti da zai riƙa duba rubutun masu nema, ya yi musu gwajin ganawa, tun daga watan Yuni. Na huɗu, a taimaka wa kowane yaro ya mallaki takardar haihuwa, lambar NIN da takardar indijin tun yana sakandare, kada sai rana ta ƙure. Na biyar, shugabanninmu su nemi zama da malaman jami'o'in da ke maƙwabtaka da mu domin a karɓi yaranmu su koyi aiki a ɗakunan bincike, ko da na sa kai ne.

Ga matasa kuma, kada kowa ya cire kansa da kansa. Cike fom ba ya bukatar sanin kowa, kuma mai nema yana tare da samu. Wanda aka ƙi bana ya ajiye takardunsa, ya nemi wanda zai nuna masa inda ya gaza, ya sake nema. Wanda Allah Ya ba shi kuma, ya dawo ya zauna da na bayansa ya nuna musu yadda ya yi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ba mu ikon aiwatarwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.